A Daina Zuba Wa Ɗan Baji Maganin Kaji a Ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wani ɗan tsuntsu da ya fara yawa a gidajen mutanenmu na birni, wato ɗan akun nan mai launin tsanwa ko shuɗi ko rawaya, mai zanen baƙi a ƙeya da fikafikai, wanda Turawa ke kira baji. Ya yi kama da tsirya, sai dai bai kai ta girma ba. Asalinsa busassun yankunan Ostareliya ne, kuma tun da masanin tsuntsayen nan John Gould ya kai shi Ingila a 1840 ya bazu a duniya, har ga shi yau ana saya wa yara shi a kasuwanninmu.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yi masa idan ya kwanta ciwo. Mai shi zai nufi shagon maganin kaji, a ƙulla masa gari a leda, ko kuma ya fasa kafson nan mai ja da rawaya, ya barbaɗa a ruwan sha, ya zuba ido. Bayan kwana biyu a wayi gari tsuntsu ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma a mafi yawan irin wannan mutuwar maganin bai ma shiga jikinsa yadda ya kamata ba, sanyi da yunwa ne suka ƙarasa shi. Baji ɗan hamada ne, ruwan da yake sha a rana bai taka kara ya karya ba, kuma da ya ji ɗaci a ciki sai ya ƙaurace masa gaba ɗaya. Kaza tana shan ruwa da yawa, shi ya sa dabarar ke yi mata aiki. Ga shi kuma nauyin baji giram 30 zuwa 40 ne kacal, kaza guda ta ninka shi kusan hamsin.

Tsuntsu yana ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Saboda haka ranar da ka ga bajinka ya bubbuɗe gashi ya takure, yana barci da tsakar rana a kan ƙafa biyu maimakon ɗaya, ko ya sauka ƙasan keji ya zauna, to ciwon ya kwana biyu a jikinsa. Ka tsaya nesa kaɗan ka dubi jelarsa. Idan tana sama da ƙasa tare da kowane numfashi, iska tana yi masa wuyar ja. Idan har ya kai ga buɗe baki yana haki alhali ba zafi ake yi ba, abin ya yi tsanani, ba na jiran gobe ba ne. Ka dubi gashin da ke saman hancinsa ko ya jiƙe ko ya canza launi, da idanunsa ko sun kumbura, da gashin da ke kewaye da dubura ko kashi ya manne. Akwai bambanci tsakanin amai da tayar da abinci na soyayya: namiji lafiyayye yakan kaɗa kai sama da ƙasa ya fito da ƙwayar gero ya ba mace ko madubi, wannan ba ciwo ba ne. Mai amai kuwa girgiza kai yake yi gefe da gefe, har ka tarar da gashin kansa ya yi danƙo.

Kashinsa ya fi komai ba da labari. A cire yashi ko ƙaiƙayin da ke ƙasan keji a shimfiɗa farar takarda, a riƙa sauyawa safe da yamma. Kashin tsuntsu kashi uku ne a haɗe: mai duhu wanda ya fito daga hanji, fari mai kama da alli wanda ya fito daga ƙoda, da ɗan ruwa. Idan mai duhun ya narke ya rasa siffa, zawo ne. Idan farin ya koma rawaya ko tsanwa shar, hanta ta taɓu. Idan kuma aka ga 'yan ɗigo ƙanana masu duhu sosai, ba yawa, to ba ya cin abinci, ko da kuwa ana ganin ya sa baki a kwano. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin baji ɓare ƙwaya yake yi ya bar ɓawon a cikin kwano, sai a ga kwano a cike alhali ƙaiƙayi ne zalla. A hura a gani.

A nemi sikeli mai nuna giram ɗaya-ɗaya, irin na masu sayar da zinare ko na kicin. A sa tsuntsun a ƙaramin kwali mai huji a auna kowace safiya kafin ya ci, a cire nauyin kwalin, a rubuta. Bajin da ke giram 35 ya sauko 31 ya rasa fiye da kashi goma cikin ɗari na jikinsa, kuma ido ba ya ganin wannan ramar saboda gashi ya rufe ta. Sai dai a shafa ƙashin ƙirjinsa a ji ya fito kamar bakin wuƙa.

Abu na farko da mara lafiya ke bukata, tun kafin magani, ɗumi ne. Zafin jikin baji ya haura digiri 40, kuma kaso mai yawa na abin da yake ci wajen riƙe wannan zafin yake tafiya. A raba shi da sauran, a sa shi a ƙaramin keji, a sauko da sandar tsayawa kusa da ƙasa, a ajiye abinci da ruwa inda zai kai ba tare da ya hau ko'ina ba, a rufe gefe uku da zane. Zafin da ake nema a ciki digiri 29 zuwa 30 ne. Ƙwan lantarki irin na da, mai wat 40, idan aka ajiye shi a waje ta gefe ɗaya yana wadatarwa. Farin ƙwan zamani ba ya ba da zafi. Tun da wutarmu ba abin dogaro ba ce, gorar roba da aka cika da ruwan ɗumi aka naɗe da tsumma aka jingina a jikin keji ta fi tabbas, a riƙa sauya ruwan idan ya huce, har cikin dare, musamman da hunturu. Dole ɗumin ya kasance ta gefe ɗaya don ya iya matsawa. A bazara kuwa, lokacin da ɗaki mai rufin kwano ke haura digiri 40, matsalar juyawa take yi: idan ka ga ya ware fikafikai daga jikinsa yana haki, zafi ya yi yawa, a kai shi inuwa mai iska, ba gaban fanka ba.

Iskar ɗakin ma abin lura ce. Bayan huhu, tsuntsu yana da jakunkunan iska da suka ratsa jikinsa, don haka hayaƙin da mutum zai shaƙa ya yi tari kawai shi yana iya kashe shi. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, fiya-fiya, gawayi, hayaƙin janareto, duk a nisanta su. Kaskon suya na zamani da abinci ba ya kamawa a cikinsa, idan ya yi zafi fiye da kima, yana fitar da tururin da ke kashe tsuntsu cikin mintuna, saboda haka kicin ba wurin jinya ba ne komai ɗuminsa. Da hunturu a rataya jiƙaƙƙen tawul a gefe ɗaya na kejin don rage ƙura da bushewar iska. Kada a shafa masa man zafi a hanci.

Bayan ya ɗumama, sai ruwa, sannan abinci. Wannan jerin yana da dalili: tsuntsun da jikinsa ya yi sanyi cikinsa ba ya aiki, abin da aka ɗura masa zai tsaya a jakar abincin da ke ƙasan wuyansa ya yi tsami, ko ya dawo ya shiga hanyar numfashi. Ruwan da jikinsa ke bukata a rana kimanin mililita 2 ne. Ana iya haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, irin wanda ake ba yara masu zawo, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa kamar yadda aka rubuta, a ba shi da ɗan ɗumi, ɗigo uku ko huɗu duk bayan awa biyu, ta gefen baki, a bari ya haɗiye kowane ɗigo kafin na gaba. Abinci kuwa, ba lokacin koya masa sabon abu ba ne. A ba shi abin da ya fi so, kuma ba abin da baji ke so kamar gero a zangarniyarsa. Acca ma tana da sauƙin ci. Ɗan tsuntsu irin wannan ba ya jure kwana biyu ba ci. Idan ya wuni bai taɓa komai ba, ana ɗura masa abinci mai ruwa ta siririn bututu zuwa jakar wuyansa, wajen mililita 1 a lokaci guda, da ɗumin digiri 38 zuwa 40. Wannan aikin likita ne ko wanda likita ya koya wa da hannu, domin idan bututu ya kuskure ya bi hanyar iska, nan take tsuntsun zai iya mutuwa.

Duk wannan riƙe rai ne kafin a isa wurin likitan dabbobi, ba madadinsa ba ne. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, baya ga asibitocin dabbobi na jihohi. A kai shi cikin kejinsa a lulluɓe, kada a wanke kejin, kada a cire takardar ƙasa, likita yana son ganinta. A tafi da duk maganin da aka riga aka ba shi, a faɗi gaskiya. Abin da za a roƙa shi ne a ɗauki kashi da ɗan abin da ke cikin jakar wuya a duba a madubin likita, sannan a shuka ƙwayar cutar a gwada wane magani ne ke kashe ta, gwajin da ke ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Ya fi kyau a ɗauki samfurin kafin a fara magani. Likita zai iya fara wanda ya fi zato, ya sauya idan sakamako ya fito.

Muna nanata gwajin ne saboda abubuwa da dama suna sanye da rigar bakteriya alhali ba ita ba ce. Akwai wata cuta da ta shahara a baji, mai sa shi ramewa yana ci, har ƙwayar gero ta riƙa fita a kashi ba ta narke ba. An daɗe ana kiranta babbar bakteriya kafin a gano dangin yis ce, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Akwai tirikomonas, wadda masu kiwon tattabara suka sani da farin abu a maƙogwaro, ita ma maganinta daban. Ƙarancin aidin ga bajin da ƙwaya kaɗai yake ci yana kumbura masa maƙoƙo ya danne hanyar iska, ya riƙa amai yana numfashi da ɗan ƙara. Macen da ƙwai ya maƙale mata ita ma ƙasan keji take zama a takure. Wanda ya bi duk waɗannan da antibayotik ya yi gyaran gangar Auzinawa, domin ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani ya bar ainihin ciwon.

Idan an tabbatar bakteriya ce, irin su ikolai da kilebsiyela da sudomonas da salmonela, to sai lissafi, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Mu ɗauki enrofloxacin, wani maganin bakteriya wanda ke cike a shagunan maganin kaji. Abin da likitoci suka saba ba dangin aku shi ne wajen miligiram 15 ga kowane kilo na nauyin jiki, sau biyu a rana. Ga baji mai giram 35, rabin miligiram ke nan. Ruwan maganin da ake sayarwa mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari yana da miligiram 100 a kowace mililita, ɗigo ɗaya kuwa wajen miligiram 5 ne. Wato wanda ya ce ɗigo ɗaya tal ya ba shi, ya ba shi ninki goma. Shi ya sa likita ke tsarma shi, misali mililita 1 a cikin mililita 9 na ruwa mai tsabta, yadda 0.05 na mililita zai zama daidai rabin miligiram. Wannan misali ne don a ga girman kuskuren, ba takardar magani ba. Wasu kwalaben ƙarfinsu ya ninka wannan, kuma nauyin tsuntsunka ba lallai ya zama 35 ba. A auna da sirinji mai mililita 1 wanda allurarsa ke cirewa, a cire allurar. Allurar penisilin mai sinadarin furoken (procaine) da ake yi wa awaki guba ce ga ƙananan tsuntsaye, gentamicin kuma yana lalata ƙodar wanda jikinsa ya riga ya bushe, ga shi yana ɓoye cikin wasu haɗe-haɗen maganin kaji. A karanta jikin fakiti.

Riƙo ma yana kisa. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, wanda ya danne masa ƙirji ya shaƙe shi ke nan. A rage hasken ɗaki kafin a kama shi, a sa bayansa a tafin hannu, kansa tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya, a riƙe shi a tsaye ba a rigingine ba. A sa bakin sirinji ta gefen bakinsa a matsa a hankali. A shirya komai tun kafin a kama, yadda abin ba zai wuce minti ɗaya ba. Idan ya fara haki a hannu a mayar da shi ya huta.

Yawanci ana ganin sauƙi cikin kwana biyu zuwa uku: kashi ya fara kama jiki, nauyi ya tsaya, ya fara gyaran gashi. Idan ba a gani ba, a koma wurin likita, ba a ƙara yawan magani ba. Idan kuma an gani, a nan jarrabawar take, domin da ya fara kuka sai a ajiye sirinji. Kwanakin da aka yanka, galibi bakwai zuwa goma sha huɗu, a cika su cif. Ƙwayoyin da suka rage bayan kwana uku su ne masu taurin kai, kuma idan suka dawo ba lallai su ƙara jin maganin farko ba. Tsuntsun da ya daɗe yana shan antibayotik kuma yakan kamu da kandida, wata cuta dangin yis, a baki da jakar wuya. Idan amai ya dawo ko aka ga fari-fari a bakinsa a sanar da likita.

Akwai guda ɗaya da muke so a ja layi a ƙarƙashinta, domin ba ta tsaya ga tsuntsu ba: zazzaɓin aku, wanda ƙwayar kilamidiya ke kawowa. A tsakanin 1929 da 1930 ta kama ɗaruruwan mutane a Turai da Amurka ta hanyar akun da aka yi safara daga Kudancin Amurka. Baji yana ɗauke da ita, tattabara ma haka, kuma tsuntsu na iya yawo da ita yana ganin lafiya sai wahalar tafiya ko cunkoso ta tayar da ita. Alamarta a tsuntsu kumburin ido, majina, da farin kashin nan da ya koma tsanwa. Tana zaune ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki, ba ta tsirowa a gwajin shuka na yau da kullum, don haka sakamakon da ya ce ba a ga komai ba bai wanke tsuntsu daga ita ba. Enrofloxacin yana lafar da ita ne kawai. Maganinta doxycycline ne, na tsawon kwana 45, miligiram 25 zuwa 50 ga kilo sau ɗaya a rana, wato tsakanin miligiram ɗaya da biyu ga baji, alhali kafson mutane guda miligiram 100 ne. A ruwan sha ba ya kai wa ga baji. Inda tsuntsayen ke da yawa, ana cuɗa miligiram 300 a kilo ɗaya na surfaffiyar ƙwaya da aka shafa wa mililita 5 zuwa 6 na man girki don garin ya manne, a haɗa sabo kullum, kada a ba su wani abincin. Dole ƙwayar ta zama surfaffiya, in ba haka ba ya ɓare ya zubar da maganin tare da ɓawon. Cikin waɗannan kwanaki a cire farin ƙashin kifin nan da ake ratayawa a keji da ɓawon ƙwai da tsakuwar alli, domin sinadarin kalsiyam yana kama doxycycline ya hana shi shiga jini.

Mutum yana kamuwa ne ta shaƙar ƙurar busasshen kashi. Bayan kwana 5 zuwa 14 sai zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da busasshen tari, abin da a wurinmu za a yi ta bi da maganin maleriya da taifod har ya zama ciwon huhu. Duk wanda ya ji haka a gidan da tsuntsu ke ciwo, ya gaya wa likitansa cewa yana kiwon tsuntsaye; wannan kalma ɗaya tana sauya maganin da za a ba shi. Mai ciki, da tsoho, da mai raunin garkuwar jiki, kada su yi aikin kejin. Yara su daina sa bakinsu a bakin tsuntsu.

Wajen wanke keji, a sa takunkumin fuska, a fara yayyafa ruwa don ƙura kada ta tashi, ba a share a bushe ba. A wanke da sabulu tukuna, domin ruwan bilic ba ya aiki a kan dauɗa, sannan a zuba bilic ɗin, mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti goma, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har warin ya fita, tsuntsun yana wani ɗakin. Sandunan katako a jefar a sa sababbi. Kwanon ruwa a wanke shi kullum har santsin nan na ciki ya fita, domin a cikinsa sudomonas ke zama, kuma kada a ajiye shi ƙarƙashin sandar tsayawa inda kashi zai faɗa. Salmonela kuwa ɓera da ƙadangare da tsuntsayen waje ne ke kawo ta, don haka a ajiye gero a mazubi mai murfi, wanda ya yi funfuna da damina a zubar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan galibi abinci ne. Ƙwaya zalla ba ta da isasshen bitamin A, rashinsa kuwa yana lalata fatar cikin hanci da maƙogwaro. Idan ya warke a riƙa haɗa masa da ganyen zogale da alayyafo da gurzajjen karas da ɗan dafaffen ƙwai, a kwashe abin da ya rage bayan awa biyu kafin ya lalace. Fiya da albasa da goro da shayi da cakuleti ba nasa ba ne. Sabon tsuntsun da aka sayo kuma, komai kyan gashinsa, a ajiye shi a wani ɗaki daban da kwanukansa na kwana 30 zuwa 45, a riƙa yi masa hidima a ƙarshe bayan an gama da na gida, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wani abu.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu aikin lafiyar dabbobi da masu kiwon tsuntsayen gida,
Zariya.